Ƙasar da Ke Cikin Gwangwanin Kaka

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, ranar da aka dawo da Kaka daga aikin ido, na buɗe jakata na ciro burushin da nake aiki da shi a lab, ɗakin binciken makarantarmu. Daga nan abin ya fara lalacewa, ko da yake a lokacin gani nake dabara na yi.

Kaka mahaifiyar babana ce. An kawo ta Dubai ne a cire mata yanar ido, ta sauka wurin 'yarta, Gwaggo, wadda nake zaune a hannunta tun zuwana karatu. Gwaggo tana da ɗan ofis a unguwar Naif, inda take haɗa wa 'yan kasuwar Kano kayansu, takalma da jakunkuna da abaya, ta tura musu ta jirgin kago. Fulat ɗinmu ɗaki biyu ne, ɗaya na Gwaggo, ɗaya na kwalaye. Ni dama a na kwalayen nake, aka ƙara katifa, Kaka ta shigo.

Likita ya ce kada ruwa ya taɓa fuskarta sai ya ba da izini. Ido ɗaya aka fara yi, ɗayan sai wannan ya warke. Gwaggo ta kira wani malami a waya ya yi bayanin yadda ake shafa a kan bandeji. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta yi masa godiya, ta gaida iyalinsa, sannan ta ce ita taimama za ta yi. Sai dai a saman bene babu ƙasa. Tayil ne ko'ina, har baranda. Gwaggo ta ce bari a ɗebo yashi a bakin titi, Kaka ta ce ƙasar garin nan da ake jibgewa da tifa, wa ya san abin da ya taka ta. Ta ce in buɗe akwatinta, ƙarƙashin likkafani akwai gwangwani.

Duk danginmu an san gwangwanin nan. Tsohon gwangwanin madara ne da fentinsa ya goge, cike da ƙasar Madina. Kakana marigayi ne ya kawo mata daga aikin hajji tun babana yana goye. An san kuma wasiyyarta: in an sa ta a kabari, a zuba mata. Ban taɓa ganin an buɗe shi ba sai ranar. Ta ce tun da an yanka mata ido a ƙasar mutane, ai an zo kusa, ba laifi a buɗe.

Na zuba a farantin silba, na baje da gefen hannu. Yashi ne mai duhu-duhu, ya fi yadda ido ke zato nauyi. Na kama hannuwanta na ɗora a kai, ta yi taimama, ta yi la'asar a zaune. Na karkata farantin na mayar da ƙasar cikin gwangwani. Ta tambaye ni ko na mayar duka.

Na duba. A ɗan kwarin da ke zagaye da bakin farantin akwai ƙwayoyi da suka maƙale. Wata jikar za ta ce eh, ta kaɗe farantin a baranda. Ni ban iya cewa eh in ba eh ba ce. Tun ina ƙarama ake mini faɗa a kan wannan. Na ce ta ɗan dakata, na ɗauko burushina. Yana da gashi mai laushi, an yi shi ne don irin wannan aiki. Na share kwarin ƙwaya-ƙwaya, na ce na mayar duka. Ta sa mini albarka. Daga ranar aikin ya zama nawa: da safe in zuba in rufe da mayafi, da yamma in na dawo in share in mayar.

Abin da nake karanta ba shi da wuyar bayani, sai dai duk wanda na yi wa bayanin yakan tsaya yana kallona. A can arewacin duniya, a zamanin da, ƙanƙara ta rufe ƙasa, mai kaurin da ya wuce tsawon benayen Dubai. Ba a tsaye take ba. Tana jan jiki a hankali, tana kankare duwatsun da ke ƙarƙashinta, tana tafiya da garinsu. Da ta narke sai ta bar tarkacen a baje, tsakuwa da yashi da laka. In ta bi ta kan dutsen da ke ɗauke da ma'adinan nan masu wuyar samu, waɗanda ake sawa a maganaɗisun motar lantarki da lasifikar waya, za ta zubar da 'yan ƙwayoyinsu a hanya, jefi-jefi. Mai nema sai ya ɗebi ƙasa nan da can, a duba ƙwayoyin, a bi sawun ƙanƙarar da baya. Inda suka fi yawa, uwar dutsen tana kusa.

Ba ni ke ɗebowa ba. Ni ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta firji ba. Malamina ne ya yi ƙuruciyarsa a arewacin Kanada yana cika buhuna da laka, har yanzu tsofaffin abokan aikinsa suna aiko masa da samfur. Kafin ya iso hannuna an riga an tankaɗe shi, an wanke, an ware masu nauyi a 'yan kwalabe kamar na turaren ɗan goma. Nawa shi ne in zuba a ɗan faifan gilashi, in sa ƙarƙashin madubin ƙara girma, in juya kowace ƙwaya da bakin allura. Wadda na fi nema sunanta monazait, launinta kamar zuma. In na gama in share ragowar da burushi in mayar cikin kwalba. Burushin nawa ne na kaina, don na lab kowa yana taɓawa, ba kowa ke wankewa ba.

Gwaggo takan gaya wa baƙinta cewa 'yar wanta ta baro Kano ta zo garin da ƙwai ke dahuwa a kan bonet don ta karanci ƙanƙara. Da na yi wa Kaka bayanin ƙanƙara mai tafiya, ta tambayi inda za ta. Na ce ba ta da wurin zuwa. Ta ce to Allah ya kyauta.

Malamina tsoho ne marar magana. Mukan wuni a ɗaki ɗaya ba wanda ya ce uffan, shi da madubinsa ni da nawa, kuma ban taɓa jin daɗin zama da wani malami kamarsa ba.

Kada a ce ban wanke burushin ba. Kullum in na gama da farantin Kaka sai na kaɗe shi, na wanke da sabulu, na shanya a kan tishu, na ɗaga shi saitin fitila na duba. Abin da ban duba ba shi ne cikin ƙarfen da ya ɗaure gashin.

Ba a jima ba kwalaben da a da nake wuni a kansu ban ga komai ba suka fara ba da monazait. Ɗaya a nan, biyu a can. Har da wasu ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi, da malamina ya leƙa ya ce kuza ce. Ranar ya tashi daga kujerarsa ya zo ya tsaya a bayana, abin da a wurinsa biki ne. Ya kafa taswira a bango yana ɗiga jan biro duk inda na samu. In abin gaskiya ne, ɗigon zai jeru ya yi kamar wutsiya, ya tsuke ta inda ƙanƙarar ta fito. Namu bai jeru ba. Ya watsu kamar an yi wa kaji watsin dawa. Malamina ya ce wataƙila ƙanƙarar sau biyu ta bi wurin, ta fuska biyu. Ya kwana biyu yana zana kibiyoyi.

Akwai abin da ake yi a irin wannan aiki, na san da shi, ban dai san ranar ba. Malami yakan cika kwalba da farin yashi wankakke, wanda ba komai a cikinsa, ya sa mata lamba kamar sauran, ya cusa a layi. Tarko ne. In ɗalibi ya sami wani abu a ciki, to ba daga ƙanƙara ya fito ba. Na sami monazait a cikin tarkon, kyakkyawa, na sa ta a kati, na kai masa da hannu biyu.

Ya dubi lambar, ya dube ni. Ya ce wannan kwalbar shi ya cika ta da hannunsa. Ya tashi ya cire taswirar daga bango, ya naɗe, ya kulle kabad ɗin samfur, ya sa mukulli a aljihu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce duk abin da na tsinta tun farkon zango ba a san asalinsa ba yanzu. Sai in an gano abin da ya shiga, daga ina, a kuma iya bambanta ƙwayarsa da ta ƙanƙara. In ba a gano ba, sai dai in fara sabon bincike, mu biyun kuma mun san bizata ta karatu ba ta da wata shekarar a cikinta.

A jirgin ƙasa na tuna da farantin Kaka, ina tsaye a taragon mata, jakata a ƙirji. Na ji tsinin burushin ta cikin yadi.

Washegari na shimfiɗa farar takarda a gabansa, na sa filaya na buɗe ƙarfen. Ƙwayoyi suka zubo, baƙaƙe da masu launin zuma. Na gaya masa komai, da aikin ido, da faranti, da gwangwani. Sai da na yi masa bayanin taimama ma, ya saurara kamar yadda yake sauraron bayanin dutse. Ya tambayi inda ƙasar ta fito. Na ce Madina.

Ya sa takardar ƙarƙashin madubi, ya daɗe. Da ya ɗago ya ce ba ya son ya yi wa kakata musu, amma ƙwayoyin nan ruwan rafi ne ya goge su, kuma masu nauyin sun yi yawa ƙwarai. Yashin da Allah ya ajiye ba ya zuwa haka. Wani ne ya wanke shi, ya kwashi na kwasa, ya zubar da saura. Ya ce abu biyu yake buƙata: cokali guda na ƙasar, a auna sinadarinta, da sunan wurin daga bakin wanda ya sani. In ya sami waɗannan za a iya tsince baƙin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, aikina ya tsira. Amma ba zai sa hannu a rahoton da ya ambaci garin da ƙwayoyin suka ƙaryata ba, kuma ba zai karɓi zato ba.

Zaton kuwa ina da shi tun kafin ya rufe baki. A Riruwai aka haifi babana. Can Kaka ta tashi, can ta yi aure, kafin su dawo Kano. Tun muna yara take ba mu labarin yadda mata ke tsayawa a rafi da ƙwarya suna wankin kuza har tafin hannu ya yi fari.

Gwaggo na fara samu, a ofishinta. Tana tsugune kan wani kwali tana naɗe shi da salatif, waya a maƙale a kafaɗa, tana gaya wa wani cewa kwantena ba jirgin sama ba ce, ya yi haƙuri. Da ta ajiye na ce ina son cokali guda na ƙasar Kaka don makaranta.

"Cokali?" in ji ta. "Matar Alhaji mai takalma tsunkule ɗaya ta roƙa don ɗanta mai jarrabawa, Inna ta ce mata Allah ya ba shi sa'a, ya dage da karatu. Ke ba ke ke riƙe da gwangwanin ba? Ba ta gani. Ɗebi abinki, yalla, yi maza, ina da aiki."

Na ce akwai kuma maganar inda ƙasar ta fito. Na faɗi abin da malamina ya gani. Ƙarar salatif ta tsaya. Gwaggo ta miƙe, ta tura ƙofar gilashin ta rufe, abin da ba ta yi ko ana lissafi da dillalai.

"Tsohuwa ta ajiye abu tun ba a haifi uwarki ba, tana jiran a zuba mata a kabari. Mijinta ya ba ta, ya mutu. Ke kin leƙa madubi kin ce ba shi ba ne. Kar in ƙara ji, ko a mafarki. Khalas, an gama."

Ta buɗe ƙofar, ta koma kan kwalinta.

Shawararta ta farko na yi ta juyawa. Gwangwanin yana hannuna safe da yamma, cokali yana cikin kofin shayi a gefen katifa. Amma kullum in na rufe murfin sai Kaka ta juyo da fuskarta mai bandeji ta ce, "Kin mayar duka?" Yanzu da gashin kaza nake sharewa, wanda na roƙa wurin wani mai yanka a kasuwa. Ta ji bambancin ƙarar, ta tambaya, na ce burushin ya lalace. Wannan gaskiya ne. Ko da na saci cokalin ma, ba a satar sunan gari daga bakin mutum.

Ranar Juma'a matan 'yan kasuwa kan zo dubiya, waɗanda suka zo sari da waɗanda suke zaune. Labari ya riga ya zaga Naif cewa an buɗe gwangwanin Hajiya. Kowace ta gaisa sai ta nemi a ɗaga mayafin, ta ɗora yatsa, ta shafa a goshi. Kaka ta sa doka: a taɓa, a kaɗe yatsan a kan faranti, ni kuma in duba. Haka na riƙa bin yatsun manyan mata ina dubawa. Wata Hajiya mai sarin jakunkuna ta sunkuya ta shaƙa, ta ce wallahi ƙamshin nan, kamar tana tsaye a ƙofar masallacin. Sauran suka yi salati. Ni ina riƙe da gashin kaza.

A lab kuwa ba ni da aiki. Ina zuwa, in zauna gaban madubin da ba komai a ƙarƙashinsa, in karanta littafi. Malamina bai ƙara tambayata ba. Da safe yakan ɗago ya dube ni, in girgiza kai, ya koma kan nasa. Wata rana ya ajiye mini sabon burushi a teburi, cikin leda. Ban buɗe ledar ba.

Na shirya tambayar tsaf. Na san kalmar da zan fara da ita da wadda zan ƙare. Sai in zauna bakin katifarta in ce, "Kaka." Ta ce, "Na'am." In ce ko za ta sha shayi. A makonnin nan ta sha shayin da ba ta sha ba a shekara.

Aka yi ido na biyu, ya warke, aka cire bandeji. Abin da ta fara gani shi ne Gwaggo ta tsufa, ta kuma faɗa. Na biyu, labulen falo yana da datti. Ni ta daɗe tana kallona, ta ce muryata ta fi ni jiki. Likita ya ce ta iya alwala. Ranar ta yi alwala kamar mai wanka, ta ce in rufe gwangwani, an gama da shi sai ranarsa. Aka sa ranar komawarta.

Gwaggo ta ce ba za a ce an gyara wa mutum ido a Dubai bai ga komai da shi ba sai kwali. Ta sa direban da ke mata jigilar kaya, wani mutumin Maraɗi da ke zaune a unguwar Muhaisnah, ya kai mu garin Hatta, can cikin duwatsu, ranar hutu. Muka tafi da kular dafa-duka da tabarma. Kaka ba ta kula benaye ba, ba ta kula rairayi ba, sai da duwatsu suka fara. Ta ce waɗannan kamar an ƙona su, ba ciyawa ba biri. Ta ce na garinsu sun fi su fuska.

Bayan mun ga dam muka shimfiɗa tabarma kusa da wani busasshen rafi. Gwaggo tana waya da Kano. Kaka ta tashi a hankali, ta taka zuwa cikin rafin, na bi ta da takalmanta. Ta tsuguna inda ruwa ya taɓa yin kwana, ta kawar da tsakuwar sama, ta ɗebo na ƙasa a tafin hannu. Ta girgiza, ta hura, ta karkata hannun saitin rana. Ta daɗe tana dubawa da sababbin idanunta, sannan ta watsar ta goge hannu a zani. Ta ce ba komai a ciki.

Ba zan sami wuri kamar wannan ba. Na ce, "Kaka."

"Ba na shan shayi," in ji ta, ta miƙo hannu in ɗaga ta.

Ranar haɗa kaya, bayan azahar, Gwaggo ta fita karɓo wasu abayoyin tsaraba. Ɗakin ya cika da jakunkuna. Kaka tana zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, tana nuna mini abin da zai shiga ina. Ta ninke likkafanin da kanta, ta ce in sa gwangwanin a ƙasan akwati tukuna, ta ɗora a kai.

Na ɗauko shi. Ban sa ba. Na zauna da shi a cinya, na kafa ido a kan tayil, na fara daga burushi. Na faɗi kwalabe, da taswira, da tarko, da mukullin da ke aljihun malamina, da biza. Na faɗi abin da ya gani a madubi, ban rage ba. Ban taɓa yin doguwar magana kamar wannan da wani babba ba. Da na kai ƙarshe na ce cokali guda nake roƙo, da sunan wurin, in ta sani. In kuma ba ta so, in sa gwangwanin, ba komai.

Ta ce in miƙo farantin. Ta buɗe gwangwanin ta zuba kaɗan, ta matsa inda hasken taga ya faɗo, ta riƙe farantin da hannu biyu ta fara kaɗa shi, gefe da gefe, tana ɗan buga shi da babban yatsa. Farin yashin ya gangara gaba. A baya wani siririn layi baƙi ya taru, yana sheƙi, da ɗigon zuma a bakinsa. Ta tura mini in gani.

"Wannan ne malamin naku ya sa madubi kafin ya gani?"

Na ce eh.

Ta ce da kakana zai tafi hajji, kowa ya ba shi saƙo, masu zobe, masu dardumar salla. Ita abu ɗaya ta ce, ƙasar Madina. Ranar dawowarsa gari ya fita tasha tarye, da yara da manya. Mota ta iso, aka sauke akwatinsa, ba shi. Direba ya ce Alhaji ya sauka tun kafin gada, wai zai kama ruwa, ya ce a wuce. Ana tsaye ana jajantawa sai ga Alhaji ya ɓullo ta bayan gari, da sabon rawani, ƙafar wandonsa a jiƙe har gwiwa. Da aka watse ya raba dabino da zamzam, ya miƙo mata ƙulli a hankici, da sauran damshinsa.

"Na kwance na duba. Ni da na yi wankin kuza tun ban iya ɗaura zani ba. Har kwanar da ya ɗebo na gane, inda muke zubar da saura."

Na tambaye ta me ta ce masa.

Ta ce ta yi masa godiya, ta ce Allah ya maimaita. Ta shanya a rana, ta nemi gwangwani. Mutum ya manta, ya tuna a mota, ya sauka ya shiga rafi da kayan hajji don kada ya shigo mata hannu biyu, me za ta ce masa? Ita ba ta faɗa ba, shi bai faɗa ba, har ya rasu. Wani lokaci in baƙi sun zo ana maganar gwangwanin sai ya tashi ya ce zai duba akuya.

Ta karkata farantin ta mayar da ƙasar, ta karɓi gashin kazar a hannuna ta share kwarin da kanta. Ta ce in kawo cokali, na shayi, ba na miya ba. Ta ɗebo, ta sa yatsa ta shafe tozon ya koma daidai baki, ta juye mini a ledar magani. Ta rufe gwangwanin, ta sa a akwati, ta ɗora likkafani.

Muka ji mukullin Gwaggo a ƙofar falo. Na ce, a hankali, to me zan ce wa malamina?

"Ki ce masa Riruwai, rafin da ke kafin gada, shi ya rubuta a takardarsa da Turanci. A gidan nan ta Madina ce, kuma ita za a zuba mini."